Koramar Abzin da Ƙofarmu ta Biyu

Yanzu idan ɗayanku zai tafi Agadas, sai ya saɓi jakarsa ya nufi tasha, ya haye kamiyo, babbar motar kaya, ya zauna kan buhunan wani, ya yi ta gyangyaɗi, ya sauka yana kukan hanya ta gajiyar da shi. Duwatsun Abzin kuwa daga nesa kuke hango su, har kuna cewa suna da kyau. A zamaninmu ban taɓa jin wanda ya ce dutse yana da kyau ba. Da ƙafarka kake zuwa, da jakinka, kuma kafin ka fita sai ka bi gida gida ka nemi gafara. Na ga duwatsu da yawa bayan wancan lokaci. Na ga na Jos masu sanyi, na ga na Kamaru inda ake noma hawa-hawa a jikin tsauni, na ratsa Jabal Marra a hanyar Makka, na ga na Hijaz waɗanda ko ciyawa ba ta yarda da su ba. Amma na Abzin ne suka juya mini rayuwa, kuma su ne dalilin da gidan kakanku yake da ƙofa biyu. Na san abin da aka gaya muku: wai ni Isuhu na haɗa baki da gardi, dogarin Nasara, aka zane wana a gaban jama'a. An zane shi, gaskiya ne. Sauran maganar ce ba a gaya muku ba, kuma ba zan mutu in bar ku da rabi ba.

Ku fara sanin ko mu su wane ne. Mu mutanen korama ne. A Matameye inda ƙasa ta kwanta nan arziki yake, nan rake, nan rogo, nan albasa, nan inuwa. Ruwanmu mai kunya ne. A hankali yake tasowa, ya taɓa maka idon sawu, ya ba ka lokaci ka kwance akuyarka ka tafi. Tun muna yara aka koya mana cewa matafiyi idan ya rasa masauki ya gangara kwari, zai sami ruwa da itace da ƙasa mai laushi. Dutsen da muka sani shi ne na Damagaram, wanda akuya ke hayewa ta sauko kafin ka gama alwala. Wannan sani gaskiya ne a ƙasarmu, kuma ya raya iyayenmu. Aibinsa ɗaya, ba ya jure tafiya. Ka ɗora shi a jaki ka kai shi Abzin, shi zai binne ka.

Ni na fita dabam da 'yan gidanmu saboda wani Ba'abzine mai suna Agali, wanda yake sauka a zaurenmu duk shekara idan ayarin gishiri da dabino ya zo neman hatsi. Baba ya ba shi ni tun gemuna bai tsiro ba don in koyi fatauci, na yi shekaru a wurinsa cikin duwatsu. Can na iya Buzanci, can kuma na koyi yadda ake shiga ƙasar dutse. Ka rage wa dabbarka kaya tun kafin hawa, domin abin da jaki ke ɗauka yana taƙama a rairayi shi zai durƙusar da shi a gangare. Ka zarga wa kayan igiya ta ƙarƙashin wutsiya, in ba haka ba wajen sauka su zame su hau masa wuya. Ka ɗinka takalmi mai faɗi, fata ninki biyu. Ka tafi da bargo ko da gumi ka baro gida, domin dutse da rana tanda ne, da asuba kuwa sai haƙoranka sun yi ta haɗuwa. Kada ka yarda da idonka, tsaunin da ka ce za ka kai kafin azahar sai gobe warhaka kana binsa. Rijiya kuma duk tana da masu ita ko ba ka gan su ba, don haka ka yi sallama, ka jira, ka sha, ka rufe ta yadda ka same ta. Duk waɗannan idan ka manta wahala kawai za ka sha, gobe ka gyara. Guda ɗaya ne idan ka manta ba a sake koya maka.

“Isuhu, ruwan da zai kashe ka a nan ba a kanka yake sauka ba,” in ji Agali. “A kan wani yake sauka can nesa, ya gangaro ya same ka, sama kuwa tas.”

Ban tsaya ga jin bakinsa ba, na gani da idona. Wata rana da hantsi muna kan tudu muna kiwon awaki, rana ƙwal, ko ɗigo bai taɓa mu ba, sai na ji ƙara kamar ayari dubu yana gudu a kan tsakuwa. Na duba kwarin da ke ƙasanmu, wanda na ratsa da safe rairayinsa a bushe, sai ga ruwa ja ya taho a tsaye kamar katanga, yana mirgina duwatsu, yana ɗauke da goriba da saiwoyinta. Na ga raƙumi a ciki yana juyawa, ƙafafu sama, kamar ɗan tsako a kwata. Kafin la'asar ruwan ya wuce, rairayi ya kwanta sumul kamar ba a yi komai ba. Wanda ya ga wannan sau ɗaya, ba ya ƙara kallon farin rairayi tsakanin duwatsu da idon da ya zo da shi.

Sai shekarar da ake maganarta ta zo. Lokacin Nasara bai daɗe da kafuwa ba. An yi tarzoma a Abzin an kwantar da ita da wuta, raƙuma sun ƙare, masu su sun watse, Agali ma tun daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Sojojin da aka ajiye cikin duwatsu suna bukatar hatsi, babu raƙumin da zai kai musu. Sai umarni ya fito daga bariki cewa kowane gari ya ba da jakuna da mutane. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, aka ɗebe mu daga gonaki, mu na Matameye da na Tsauni da na Dawce da na Yauri, manoma zalla, ba ko ɗaya da ya taɓa wuce Damargu sai ni. Aka naɗa wana Habu madugu, don shi ya saba kai jakuna Kano da Katsina, mutane kuma suna jin maganarsa. Kada ɗayanku ya ɗauka Habu sakarai ne. Ya fi ni haƙuri, ya fi ni iya zama da mutane, yana gane ciwon jaki daga takunsa. Dutse ne kawai bai taɓa hawa ba.

Ranar fita Baba ya tsayar da mu a zaure ya yi mana addu'a, sannan ya dube ni.

“Habu ne gaba. Bakinsa bakina ne. Kai kuma Buzun gidan nan, ka riƙe naka.”

Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba wadda ta raine mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana durƙushe tana ƙulle mana garin gero da ƙuli-ƙuli. Ba ta ɗaga kai ba ta ce:

“Wannan kake cewa ya riƙe bakinsa? Ai ka ce wa tulu mai huda ya riƙe ruwa.”

Aka yi dariya, har da ni. An haɗa mu da gardi guda, mutumin ƙasar Bambara, dogo, mai bindiga da bulalar fatar dorina. Hausarsa ba ta wuce zagi da “maza-maza” ba. Ni kuwa bayan dawowata daga Abzin na ɗan yi aikin ɗiban ruwa a barikin Damagaram, na tsinci Faransancin bariki, irin wanda sojoji ke yi. Don haka na zama tafinta ba tare da kowa ya naɗa ni ba, kuma tun daga nan na lura idan ina magana da gardin mutane sukan yi shiru suna kallon bakina.

Har muka kai Agadas ba abin da ya shiga tsakanina da Habu. Muna da yadda muke yi. Idan na ga abu sai in jira ya keɓe, in gaya masa a hankali, shi kuma ya fito ya faɗa wa jama'a kamar daga kansa ya fito. Haka aka yi da igiyar wutsiya, haka aka yi da rage kaya, haka aka yi da sayen takalma a kasuwar Agadas. Ban ji komai ba, don haka ƙane yake yi da wansa, kuma ayari mai kai biyu ba ya isa ko'ina. Amma da muka bar Agadas muka shiga duwatsu, sai mutanenmu suka san sun bar gida. Baƙin dutse mai kaifi ko'ina, ba inda za ka sa ƙafa ta zauna daidai. Kofaton jakuna ya tsattsage, sawun mutane ya yi jini duk da takalman. Idan aka sauka zango, mutum sai ya yi ta share tsakuwa kafin ya sami wurin shimfiɗa haƙarƙarinsa. Akwai wani Tanko, mutumin Dawce, wanda bakinsa ba ya gajiya ko da ƙafarsa ta gaji. Shi ne ya ce da Allah ya gama shirya duniya, duwatsun da suka yi saura ne ya zube a nan, ya manta bai aiko mai kwashewa ba.

Wata rana da la'asar muka gangaro daga wani hawa mai wuya, sai ga kwari ya buɗe a gabanmu. Farin rairayi mai laushi shimfiɗe tsakanin duwatsu biyu, goriba jere a gefe da gefe, inuwa lumshe. Wani ya tona da hannu bai kai gwiwar hannu ba ruwa ya tsatso, mai sanyi, mai daɗi. Ban taɓa ganin manya sun yi murna irin ta ranar ba. Wasu suka cire takalma suna tura yatsu cikin rairayin, wani dattijo daga Yauri ya kwanta rigingine yana cewa wannan ai koramar gida ce ta biyo mu. Kafin a ce wani abu an fara sauke buhuna. Habu ya shimfiɗa buzunsa a gindin wata babbar goriba ya ce nan za a kwana.

Ni kuwa sama nake kallo. A reshen wata ƙaya da ke tsakiyar kwarin, sama da inda hannun dogon mutum zai kai, akwai busasshiyar ciyawa da karare a nannaɗe, duk sun karkata gefe ɗaya. Iska ba ta yin wannan saƙa. Can arewa maso gabas kuma, inda kwarin ya fito, kan duwatsun ya yi baƙi ƙirin, ana walƙiya ba a jin tsawa. Na bi Habu har ya je ɗaure jaki, na gaya masa a hankali yadda muka saba. Na nuna masa ciyawar, na nuna masa hadarin, na ba shi labarin raƙumin da na gani. Ya duba, sannan ya ce hadarin yana da nisan kwana biyu, mutane sun galabaita, jakuna ba za su iya wani hawa yau ba, idan ruwan ya fara tasowa ai za mu ji shi mu tashi. Na ce wannan ruwa ba ya tasowa, faɗowa yake yi. Ya dafa kafaɗata ya ce in je in huta. Na koma na biyu. Na koma na uku, a nan muryata ta tashi, mutane suka juyo.

“Yaya, wallahi nan ba masauki ba ne. Hanyar ruwa ce. Mu hau kan dutsen can.”

“Ka ji Buzun Baba,” in ji Tanko. “An ba shi katifa ya ce shi turmi yake so.”

Aka tuntsire da dariya. Habu bai yi dariya ba. Fuskarsa ta canja, don na faɗa a gaban mutane, kuma yanzu ko yana so ba zai iya janyewa ba.

“Isuhu, ka manta abin da Baba ya ce a zaure? Na gama magana.”

Na tsaya ina duban su. Maza sun fi ƙarfin a lissafa da yatsu, kowanne da mata da 'ya'ya a gida da gona tana jiransa, sun baje a rairayi kamar yara a tsakar gida. Rana tana gangarawa. Idan duhu ya yi ba mai iya hawa dutsen nan da jaki. Na san idan na kama Habu da kokawa zai kayar da ni, sauran kuma su danne ni. Sai na juya na nufi inda gardin yake zaune yana goge bindigarsa, na gaya masa da Faransanci cewa ruwa na iya zuwa ta nan, idan ya zo hatsin kumandan, shugaban bariki, zai tafi, kuma shi gardin za a tambaya. Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ba. Ban ce ya taɓa kowa ba. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce ban san mai bulala da bulala yake magana ba. Na sani, na auna, na zaɓa.

Gardin ya dubi ciyawar da ke reshe, ya dubi hadarin, ya miƙe yana ihun maza-maza. Habu ya taso ya tare shi da hannu yana ƙoƙarin yi masa bayani da Hausa. Bulalar ta sauka a bayansa sau biyu, ta tsaga riga ta tsaga fata. Habu ya juyo. Ni ya kalla, ba gardin ba, sannan ya sunkuya ya naɗe buzunsa. Aka sake ɗaura kaya, aka fara hawa. A tsakiyar hawan wani farin jakin Baba, wanda yake ji da shi, ya zame ya faɗa tsakanin duwatsu ya karya ƙafar gaba, dole muka bar shi. Muka kwana a kan tsakuwa, sanyi yana ratsa mu, ba wanda ya yi mini magana.

Ruwa bai zo ba. Ku ji wannan da kyau, don ban taɓa ɓoye shi ba. Gari ya waye rairayin yana nan fari tas, da sawun ƙafafunmu na jiya a kansa. Tanko ya leƙa ƙasa ya ce:

“Malam Isuhu, ruwan naka ko ya ɓata hanya ne? A aika masa tafinta mana.”

Muka ci gaba, muka kai hatsin inda aka ce, muka juyo. Duk tsawon hanyar Habu yana gaba ina baya, idan akwai saƙo sai ya ba wani ya kawo mini. A dawowa dole muka sake bi ta wannan kwari. Da muka leƙo daga kan hawan, sai na gaba suka tsaya cak. Goribar nan duk sun kwanta, wasu babu su sam. Ƙayar mai ciyawa ta tafi. Inda Habu ya shimfiɗa buzunsa wani dutse ne zaune, girmansa ya kai rumbu, laka ja ta bushe a jikinsa. Dattijon Yauri ya fara salati. Tanko, mai cewa a aika wa ruwa tafinta, ya kau da kai. Na dubi Habu, ina zaton ko kallo ɗaya zai yi mini a wuce wurin. Ya daɗe yana duban dutsen, sannan ya ce, ba da ni yake ba:

“Ba ranarmu ya zo ba.”

Ya kora jakinsa ya wuce. Kuma gaskiya ya faɗa, ba ranarmu ya zo ba. Sai dai ruwan dutse ba ya aiko da goron gayyata ya ce ga ranar da zai zo. Na yi ta tambaya a duk ƙasar dutse da na shiga bayan haka, da Larabci da Fulatanci da Barbarci, amsa ɗaya ce: wanda ya kwana a kwari da damina ya tashi lafiya, ba sani ne ya fisshe shi ba, kwanansa ne bai ƙare ba.

Labari ya riga mu isa Matameye, kuma rabin da ya fi saurin gudu ne ya iso. Baba ya ga tabon da ke bayan Habu, ya ji jakinsa ya mutu, ya kira ni. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko ruwa ya zo a daren. Na ce bai zo ba, amma ya zo daga baya. Ya ce bai tambaye ni daga baya ba. Sai ya yanke cewa ranar Juma'a bayan sallah za a tara mutanen da aka yi tafiyar da su a zaure, in durƙusa gaban Habu in ce na yi kuskure. Idan na faɗa, magana ta mutu. Idan na ƙi, in nemi inda zan sa kaina, don ba a cin tuwo ƙwarya ɗaya da wanda ya kira baƙo ya daki ɗan gida. A lokacin kuwa an riga an fara raɗe-raɗin cewa baɗi ma za a sake ɗibar mutane su kai hatsi Abzin.

Gwaggo Hajara ta same ni a bayan rumbu ina gyaran igiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna ta ce ita ta yarda da ni, ta san ba na ƙarya ko da ƙaryar za ta fisshe ni.

“Amma ɗan nan, ka faɗa da baki ka bar gaskiyarka a ciki. Mu da haka muke zaman gidan nan tun kafin a haife ka.”

“Gwaggo, masu zuwa Abzin baɗi ba za su ji abin da ke cikina ba. Abin da ya fito bakina za su ɗauka su tafi da shi.”

Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce ita dai ta faɗa tun ranar fita, tulu mai huda ne.

Ranar Juma'a zaure ya cika, har da waɗanda ba su je ba. Na shiga na durƙusa gaban Habu tun kafin a ce in durƙusa. Baba ya ce to, mu ji.

“Baba, durƙuso ga shi na yi. Bulalar da ta sauka a bayan Yaya a rama ta a nawa, yanzu, a gaban kowa, ko sau nawa ne. Jaki kuma zan yi noma in mayar. Amma ba zan ce kuskure na yi ba.”

“Kalma ɗaya ce fa, Isuhu.”

“Kalma ɗaya ce, Baba, amma mutanen nan da ita za su koma duwatsu. Za su tarar da rairayi mai laushi ƙafafunsu suna jini, wani ya ce ai Isuhun ma ya ce kuskure ne. Su kwanta.”

Na ga wasu daga cikin waɗanda suka ga dutsen nan mai girman rumbu sun sunkuyar da kai, amma ba wanda ya buɗe baki, domin ba a shiga tsakanin uba da ɗansa. Sai Habu ya yi magana, karo na farko da ya dube ni ido cikin ido tun ranar.

“Baba, a bar shi. Ni ba ruwan ne ya dame ni ba. Da ya shaƙe ni ya ja ni kan dutsen da hannunsa, da na yafe tun a can. Amma ya je ya aro bakin Nasara ya kayar da ni da shi, ina tsaye ban san abin da ake faɗa a kaina ba.”

Wannan magana ta shige ni, kuma har yau tana nan. Na ɗauke ta na kai ta Kumasi, na kai ta Makka, na juya ta ta kowane gefe. Habu yana da gaskiyarsa. Babu abin da ya fi ciwo a wancan zamani irin a yi maganarka da harshen da ba ka ji, kana kallo. Amma ni ma na auna tawa: da hannuna ba zan iya ɗaga ayari ba, da Hausa na faɗa sau uku aka yi dariya, rana kuma ba ta jira. Abin da ke hannuna shi na yi amfani da shi. Da a ce yau za a mayar da ni kan rairayin nan, hadarin nan yana can, ko da an rantse mini cewa ruwa ba zai zo a daren ba, sai in tambayi mai rantsuwar wa ya gaya masa, in sake nufar gardin.

Baba bai kore ni daga unguwa ba, Gwaggo ce ta tsaya masa a kan wannan. Bayan girbi aka ja katanga ta raba gidan, aka huda mini ƙofa ta yamma. Ban iya zama ina jin muryoyinsu ta bayan katanga ba, shi ya sa na shiga duniya, kuma yawon da kuke jin na yi daga nan ya samo asali. Ina Kumasi Baba ya rasu, ban sami jana'izarsa ba. Wannan shi ne abin da kalma ɗayan nan ta ci mini, kuma na biya ban nemi ragi ba. Da na dawo na zauna, ni da Habu muna gaisawa a masallaci, muna zuwa sunan 'ya'yan juna, amma hannunmu bai sake haɗuwa a ƙwarya ɗaya ba.

Da ya rasu ni na yi masa wanka, don ba wanda ya fi ni kusa. Da na juya shi na ga layi biyu a bayansa, sun yi fari, tsufa bai shafe su ba. Na wanke su kamar yadda na wanke sauran jikinsa. Bayan an dawo daga maƙabarta, babban ɗansa Sani, wanda ya bi shi Abzin a tafiye-tafiyen da suka biyo baya, ya zauna kusa da ni ya ce akwai abin da ya daɗe yana so ya tambaye ni. Ya ce duk ayarin da mahaifinsa ya jagoranta cikin duwatsu, bai taɓa barin kowa ya kwana a kwari ba, ko rani ko damina, ko mutane suna kuka da ƙafafunsu. Yakan tsaya ya duba rassan itace, ya duba kan duwatsu, ya ce a hau. Na tambaye shi, idan an ce masa don me fa, me yake cewa?

“Cewa yake yi, haka muke yi a gidanmu.”

To ga labarin, ku da kuke shiga ta ƙofar gabas da ku da kuke shiga ta yamma. Kada ku rushe katangar don ni, kada kuma ku ƙara mata tsawo. Daga waccan shekara gidan Baba ya zama biyu bai sake haɗuwa ba, kuma daga waccan shekara ba mutumin gidanmu da ya sake kwana a hanyar ruwa.